Daga Hambog Zuwa Kumasi: Yadda Famfo Guda Ya Zaunar Da Mu Kwana 4 A Hamada

Tun da na dawo gida 'yan'uwa ke tsare ni a bakin masallaci suna tambaya, wai da gaske ne na tuƙo mota tun daga Jamus har Kumasi? Gaskiya ne, amma ba tuƙin ne abin labari ba. Abin labari shi ne ranar da motar ta tsaya mana cik a ƙasar Muritaniya, ga maganin Hajiya a cikin firji, ga rana tana dukan ƙarfe. Shi ne na ga ya dace in rubuta, ko wani mai niyyar irin wannan tafiya zai tsinci abin amfani.

Da na ajiye aiki a Hambog sai na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa mai cin lita 100. Nauyinta da kaya ya kai tan 3 da rabi. A watan Disamba na 2019 muka kama hanya mu uku: ni, da Hajiya, da autanmu wanda aka haifa a can. Muka ratsa Faransa da Sifen, tafiyar fiye da kilomita 2,500, muka shiga jirgin ruwa a Aljasiras ya ƙetarar da mu Maroko. Daga Tanja muka bi gaɓar teku, muka wuce Agadir da Layun da Dakhla har iyakar Gargarat, wata tafiyar sama da kilomita 2,000. Tsakanin shingen Maroko da na Muritaniya akwai 'yar tazara ta kilomita kaɗan inda ba a sauka daga sawun mota, domin an binne nakiyoyi a yankin tun zamanin yaƙi. Muka wuce lafiya, muka kwana a Nuwadibu, inda muka ga jirgin ƙasan nan mai ɗauko tama daga Zuwerat, tafiyar kilomita wajen 700, wanda tsawonsa kan zarce kilomita 2.

To, a nan sai in faɗi laifina da bakina. Tun a Agadir nake jin wani ɗan kuka daga gaban injin, kamar ƙarar niƙa daga nesa. A Dakhla kuma na ga ɗigon ruwa a ƙarƙashin mota da safe. Ni da na yi yarintata ina kai da kawo a Magazin ta Suwame, na san abin da wannan ke nufi sarai, amma ɗokin gida ya rufe mini ido. Na ƙara ruwa a lagireto, na ce Allah ya kai mu Nuwakshot a duba. Ashe sauri ne zai haifi nawa.

Daga Nuwadibu zuwa Nuwakshot kilomita wajen 470 ne, kwalta ce miƙaƙƙiya, hagu yashi dama yashi. Wajen ƙarfe 11 na safe, saura kamar kilomita 50 mu shiga garin Shami, sai na ji wani abu ya yi fau a ƙarƙashin bonet. Jar fitilar batir ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Na gangara gefe inda ƙasa ke da tauri na kashe injin nan take.

Auta ya ce, "Baba, ai injin yana aiki. Mu lallaɓa a hankali mana, garin ba nisa."

Na ce masa, "Ɗana, in muka ƙara kilomita 5 a haka, kan injin zai lanƙwashe, gasket ya ƙone. Yanzu famfo muke nema, a lokacin kuwa injin sukutum za mu nema."

Ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, na buge hannun. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, wanda ya buɗe shi a lokacin fuskarsa zai wanke. Sai da muka jira kusan awa guda sannan na duba. Boris ɗin famfon ruwa ne ya ci, famfon ya cije, shi ya tsinka fambel. Ina da sabon fambel a akwatin kayan aiki, amma me zai yi wa famfon da ba ya juyawa?

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba motar ba ce. Hajiya tana da ciwon sukari, kuma mun ɗauko mata allurar insulin ta wata 3, wadda ake son a ajiye ta a sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba. Firjin irin wannan mota hanya uku yake aiki: da wutar injin in ana tafiya, da wutar gida in an samu inda za a jona, ko da gas in an tsaya a daji. Tukunyar gas ɗinmu kuwa ta kusa ƙarewa, domin bakin tukunyar Jamus bai dace da na ƙasashen nan ba, ni kuma na yi ta ɗage sayen mahaɗin da ake sa wa. Da la'asar wutar firji ta mutu. Hajiya ba ta ce mini uffan ba. Ta jiƙa tawul ta naɗe kwalayen maganin, ta rataye a inuwar mota inda iska ke kaɗawa, tana yayyafa ruwa lokaci lokaci. Ta ce haka kakarta ke sanyaya ruwa a randa. Shirun nan nata ya fi mini zafi a kan faɗa.

Na ciro takardar inshorar agajin hanya da na biya a Jamus, na karanta ƙananan rubutun da ban taɓa karantawa ba. Agajinsu ya ƙare ne a Turai da ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum. Muritaniya ba ta ciki. Ba janwe da zai zo, sai wanda Allah ya turo.

Motoci uku suka tsaya, domin mutanen hamada ba sa wuce wanda ya maƙale ba su tambaya ba. Biyu suka ba mu ruwa da dabino suka wuce. Ta uku babbar mota ce da ta sauke kaya take komawa Nuwakshot ba komai. Direban, wani dattijo mai shuɗiyar babbar riga, ba ya jin Turanci, ni ba na jin Faransanci, sai ɗan Larabcin makarantar allo ya haɗa mu. Ya ɗaura mana igiya. Jama'a, jan mota mai nauyin tan 3 da rabi ba wasa ba ne. In injin a kashe yake, birki yakan yi tauri kamar dutse, sitiyari ma haka. Muka yi ta rarrafe, gudunmu bai wuce kilomita 30 a awa ba, ƙafata a kan birki don kada igiya ta yi sako-sako. Bayan magariba muka shiga Shami. Na miƙa wa dattijon kuɗi ya ture hannuna, kuɗin man da ya ƙona kaɗai ya yarda ya karɓa, shi ma sai da muka sha shayi kofi uku tukuna.

Shami sabon gari ne a tsakiyar hanya, wanda ya cika da jama'a tun da aka fara tururuwar haƙar zinariya a 2016. Ko'ina ƙarar injinan niƙa dutse da janareto. Muna tsaye gaban wani gareji, Hajiya na ce wa auta ya ɗauko mata butar alwala, sai muka ji murya daga bayanmu.

"Sannu da hanya, Hajiya. Daga ina haka?"

Wani saurayi ne mai sayar da shayi, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, neman zinariya ya kawo shi ya ƙare a tukunyar shayi. Ya yi dariyar Hausarmu ta Gana, mu ma muka yi dariyar tasa. Kafin a yi sallar isha'i ya kai maganin Hajiya firjin wani mai kanti, ya kuma zama tafintanmu wajen makanike.

Shi ne ya cece ni daga jin kunya washegari. Makanike ya ce aikinsa 30,000 ne, na tashi zan yi faɗa. Saurayin ya ja ni gefe ya ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri, tsohon lissafi yake yi." Ashe a 2018 aka sauya kuɗinsu, ugiya 10 ta da ta koma 1, amma mutane ba su daina ƙirga ta da a baki ba. Abin da yake nufi 3,000 ne, kusan yuro 70.

Babu famfon a Shami. Aka ɗauki hotonsa aka aika wa wani mai kayan gyara a Nuwakshot ta WhatsApp, ya ba direban tasi ya kawo a rana ta uku. Da aka gwada, ramukan noti ba su hau ba. Samfurin mota ɗaya ne, amma shekarar injin daban. A nan na gane hoto ba ya auna ƙarfe. Na naɗe tsohon famfon a tsumma, na rubuta lambar shasi da ta injin a takarda, na sa auta a tasi. Yaron da bai taɓa tafiya shi kaɗai a Afirka ba ya kwana a Nuwakshot, ya zaga shaguna yana ɗora tsoho a kan sabo har ya samu wanda ya dace. Ya dawo rana ta huɗu da famfo a hannu ɗaya, mahaɗin tukunyar gas a ɗaya hannun. Tun daga ranar na daina kiransa Bature.

Makanike ya ɗaura famfo da sabon fambel, ya cika ruwa, ya bar injin yana aiki har iskar da ke cikin tiyo ta fita. Allura ta tsaya a tsakiya. Mai shayi ya ƙi karɓar ko sisi, sai Hajiya ta tilasta masa ya karɓi bargo da rigar sanyi ta auta, domin daren hamada a Disamba akwai sanyi.

Muka ƙetara Sanagal ta madatsar Diyama. A nan sai an sayi wata inshorar, mai launin ƙasa-ƙasa ta ƙasashen ECOWAS, domin Muritaniya ta fice daga ƙungiyar tun 2000. Saboda rashin tsaro a Mali muka zaga ta Gini da Kwaddibuwa, muka iso Kumasi a Janairun 2020. Fitocin Magazin suka duba aikin suka ce ba abin gyarawa.

Ga mai niyyar bin wannan hanya, ga abin da na koya da kuɗina da zufata. Duk kukan da mota ta yi, a duba shi a babban gari na farko. A riƙe famfon ruwa, da fambel, da tiyo, da matatar mai, da igiyar ja mai ƙarfi. A karanta takardar inshora tun a gida, a san inda ta ƙare. Ruwan sha kada ya gaza na kwana 3. Mai magani irin na Hajiya ya tanadi hanya ta biyu ta sanyaya shi. In kuwa kaya za a sayo daga nesa, a tura mutum da tsohon a hannunsa.

Har yau Hajiya takan sa saurayin nan na Tawa da dattijon direba a addu'arta bayan sallar asuba. Allah ya saka musu da alheri, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.