Haƙorin da Aka Cire da Gangan

A Amurka da Ostireliya akwai masu sha'awar motoci da ke cire kwamfutar injin da kamfani ya saka, wadda kanikawanmu ke kira burenbos, su maye gurbinta da wadda za su tsara wa umarni da kansu. Wasu kan sayi Haltech ko MoTeC, waɗanda ake ƙerawa a Ostireliya. Wasu kuma su harhaɗa MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fito da ita a 2001. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, komai tsadar kwamfutar, makauniya ce har sai ƙananan na'urori biyu sun faɗa mata inda injin yake.

Kafin kowace silinda ta shaƙi iska da mai, ta matse su, ta ƙona, ta fitar da hayaƙi, karanshaf yakan juya sau biyu, wato digiri 720. Kamshaf mai buɗe bawul kuwa sau ɗaya yake juyawa. Ke nan fiston yana isa ƙololuwa sau biyu: bayan matsi, da bayan fitar da hayaƙi. A ta farko kaɗai tartsatsin fulogi ke da amfani.

Domin kwamfuta ta bi wannan lissafi, ana ɗaura wa karanshaf faifan ƙarfe mai haƙora, a girke sansa kusa da shi tana ƙirga su. Da haƙoran sun cika, ai kamanninsu ɗaya, ba a san mafari ba. Shi ya sa ake barin giɓi. Faifan 36-1 da Ford ya yaɗa yana da gurabe 36, kowane digiri 10, an cire haƙori ɗaya. Na 60-2 da aka sani da Bosch yana da gurabe 60, kowane digiri 6, an cire biyu. Daga giɓin nan ake soma ƙirga.

Sai dai giɓin yana wucewa sau biyu a kowane cikakken zagaye, don haka bai isa ya bambance matsi da fitar da hayaƙi ba. Injin zai iya aiki a haka, idan koyil ɗaya yana kunna fulogi biyu tare, tartsatsi ɗaya ya tafi a banza. Amma mai son kowace nozul ta fesa mai a lokacinta dole ya ƙara sansa a kamshaf, ko da haƙori ɗaya take gani. A aikinmu na jarida ba ma sakin labari mai nauyi da majiya ɗaya, kuma haka nake kallon wannan tsari: karanshaf ya faɗi wuri, kamshaf ya tabbatar da zagaye.

Su ma majiyoyin halinsu ya bambanta. Sansa mai maganaɗisu da naɗin waya, yawanci mai waya biyu, da kanta take samar da lantarki, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da gudun injin. Saboda haka muryarta kan yi rauni lokacin tayar da mota, idan kuma aka juya wayoyinta sai kwamfuta ta karanta haƙori a inda ba ya nan. Ɗayar, mai waya uku, tana aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Tana buƙatar a ba ta wuta, amma saƙonta a fili yake ko injin na tafiyar hawainiya. Dukkansu suna son tazara daidai da faifan, da waya mai rufin kariya wadda ta nisanci koyil.

Ga dalilin da ya sa ba a wasa da wannan. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyi 100 a daƙiƙa, wato haƙora 5,800 na faifan 60-2 ke wuce sansa a kowace daƙiƙa. Idan aka shigar wa kwamfuta kusurwar giɓi da kuskuren digiri 10, duk tartsatsi zai zo da wannan kuskure. In ya yi wuri, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har fiston ya lalace. In ya makara, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Shi ya sa ƙwararru ke tsayar da taimin a lamba ɗaya, su haska alamar fuli da fitilar auna taimin, su ga ko abin da allo ya nuna shi ne abin da ƙarfe ke yi.

Batun ya soma shafar mu. Tun cire tallafin fetur a 2023 ake mayar da motoci masu amfani da iskar gas a Najeriya. Gas ya fi fetur jinkirin ƙonewa, don haka wasu masu juyawar kan saka na'urar da ke tare saƙon sansar karanshaf, ta gaggauta tartsatsi. Kafin ka miƙa motarka, tambayi bakanike wane faifai injinka ke da shi, wace irin sansa ce, kuma da me zai auna taimin bayan ya gama. Wanda ya amsa ukun nan ba tare da kame-kame ba, shi ya cancanci makullinka.