Ramar da Ke Neman Uzuri

A unguwar Wadata ta birnin Yamai, kusa da kasuwa da tashar mota, wata malamar makarantar firamare take zaune, shekarunta 29 da haihuwa. Bayan aurenta jikinta ya cika, dangin miji suka yi murna, ƙawaye suka ce hutu ya karɓe ta. Ba ta gaya wa kowa ba cewa tun kafin biki take shan ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda masu tallar magani ke yawo da su a faranti.

Da ƙishirwa ta matsa mata, yawan fitsari ya hana ta barci, sai ta nufi asibiti. Awon safe, kafin ta karya kumallo, ya nuna fiye da giram 2 na sukari a litar jini, alhali daga giram 1,26 ake tabbatar da ciwon idan an maimaita awon. Likita ya bayyana mata cewa kitsen da ke taruwa a ciki da hanta yana hana sinadarin insulin aikinsa, ƙwayoyi irin su dexamethasone kuma suna ƙara ta da sukari. Ya rubuta mata magani, ya ce ta rage nauyi.

Haɗiyar magani ba ta yi mata wuya ba. Wuyar ta zo ne ranar da zanenta ya fara yi mata yawa. Surukarta ta dube ta, ta ce: "Ɗiyata, ko ɗana ya gaza ciyar da ke ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "A'a Inna, umurnin likita ne." Maƙwabta kuwa suka shiga raɗe-raɗin wace cuta take ɓoyewa.

Tsohuwar tana da hujjarta. Ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, ta sake ɗanɗana ta 2005, dole ta ɗauki cikar jiki a matsayin shaidar cewa rumbu bai ƙare ba. Daga irin wannan tunani al'adar hangandi ta Zabarmawa ta samu daraja. Sai dai kakannin da suka yabi ƙiba sun yi daka, sun ja guga, sun sha fura. Jikokinsu kuwa shinkafa da taliya da mai da lemun kwalba suka gada, ga shayin fada mai sukari, ga babur ya ɗauke musu tafiyar ƙasa.

Lamarin ya wuce Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana fama da ƙiba mai yawa. Wanda ciwon sukari ya kama da ƙuruciya kuma zai daɗe tare da shi, har ya samu lokacin taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Amma akwai bushara: binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2017 ya nuna kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage nauyi sukarinsu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da magani ba.

Likita na iya auna jini, amma ba shi da iko da bakin jama'a. Wannan aikin malamai ne da ƙungiyoyin al'adu, masu tsara wasan kwaikwayo da waƙoƙin biki, domin a hannunsu yabo yake sauya wuri. Malamar dai a ƙasa take zuwa makaranta kowace safiya, tana amsa gaisuwar masu jajanta mata ramar da ita ce lafiyarta.