Ƙwaryar Da Ta Tashi Iya

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ba mu san nauyin wannan zance ba sai wata asuba ta hunturu da kakarmu, wadda muke kira Iya, ta tashi za ta yi alwala, buta ta suɓuce mata, ita ma ta bi ta ƙasa. Kafin hantsi likita ya tabbatar mana cewa hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu da ƙafar hagu duk sun daina bin umarninta.

Mako uku ta yi a asibiti, sannan aka sallamo ta da magunguna da takardar motsa jiki daga sashen gashin ƙashi. Mu jikokinta aka ɗora wa kula da wannan takarda, muka kuwa karɓa da zumuɗi. Sai dai Iya ta ƙi. In muka ce ta ɗaga ƙafa sau goma, sai ta ɗaga sau biyu ta juya fuska bango. Tsohuwar da a da ba mai wucewa ta ƙofar ɗakinta bai sha tsokana ba, mazanmu ta ce, "Maigida, ina cefane?", matanmu ta kira su kishiyoyi, ita ce ta koma tana wuni ba ta ce uffan ba. Sannu a hankali muka fahimci cewa ciwon biyu ne, na jiki da na zuci, kuma na zucin ne ya tare wa maganin na jikin hanya.

Ana nan sai aka yi suna a gidanmu. Da yamma mata suka kife ƙwarya a cikin baho mai ruwa, aka kama kiɗan amada, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da shi. Mun tashi za mu rufe ƙofa don kada hayaniya ta dame ta, sai ta ɗaga hannun dama ta hana. Ƙaramar cikinmu ce ta fara lura da cewa ƙafar nan ta hagu tana ɗan taɓa tabarma daidai da bugun ƙwarya. Muka dubi juna, babu wanda ya yi magana, gudun kada ta ankara ta daina.

Washegari muka ɗauko ƙwarya a madafa. Ɗaya ya zauna yana bugawa a hankali, biyu suka tallafe ta, bugu ɗaya taku ɗaya. Ranar farko taku shida ta yi, daga bakin gado zuwa ƙofa. A cikin mako na biyu ta fara kaɗa kafaɗa, har ta yi wa makaɗin namu tsiya cewa hannunsa ya fi nata mutuwa.

Da labari ya kai kunnen Baffa, babban ɗanta, sai ya zo ransa a ɓace. Ya ce, "Ashe ba ku da kunya? Dattijuwa mai carbi, ta je Makka ta dawo, ita za ku mayar 'yar rawa?" Muka sunkuyar da kai, domin gaskiya mu ma a kan haka muka tashi, cewa rawa ta 'yan mata ce a dandali, ba ta mai furfura ba. Iya, wadda ba ta taɓa kama sunansa ba saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai wannan, kana goye a bayana nake lugude, ba ka ce na zubar da girma ba. Bar ni in nemi ƙafata inda na hango ta." Baffa bai ƙara cewa komai ba, illa ya roƙi a riƙa sakaya labule.

Da muka koma asibiti muka faɗa wa ma'aikaciyar gashin ƙashi, muna tsoron faɗa. Sai ta ce mu ci gaba, da sharaɗin kada a bar shan magani, kada a hanzarta kiɗan, kuma kada a bar ta ta taka babu mai tsaye a gefenta. Ta bayyana mana cewa a cikin ƙwaƙwalwa sashen ji yana da alaƙa da sashen motsi, don haka bugun da ke zuwa a kan ƙa'ida yakan nuna wa ƙafa lokacin sauka. Daga baya muka karanta cewa a 1997 Michael Thaut da abokan aikinsa a Jihar Kolorado ta Amurka sun gwada wannan a kan masu shanyewar ɓarin jiki, kuma bayan mako shida waɗanda suka koyi tafiya da kiɗa sun fi sauran sauri da faɗin taku. Ta fuskar zuci kuwa, tun a 1942 wata mai koyar da rawa, Marian Chace, ta fara aiki da masu taɓin hankali a asibitin St. Elizabeths da ke Washinton, inda ta tarar cewa wanda ya kasa magana da baki yakan amsa da motsin jiki. Ashe abin da aka yi wa suna a can, iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa a bakin turmi.

Ba za mu ce rawa ta warkar da Iya sarai ba. Hannun hagu bai sake buɗewa yadda yake ba. Amma bayan wata bakwai ta kai kanta zaure da sanda, ta zauna tana karɓar gaisuwa, kuma tsokanarta ta dawo har ta fi ta da. Idan da mun bi kunya mun rufe ƙofar nan ranar suna, Allah kaɗai Ya san tsawon kwanciyar da za ta yi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in akwai mai jinya a gidanku wanda ya juya fuska bango, a nemi shawarar likita, sannan a tuna kiɗan da yake so tun yana da ƙuruciya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.