Wayar da ke hannunka ta isa ka rubuta tarihin garinku a Wikipedia

Yau zan gaya maka abin da ya sa nake rubutu a Wikipedia ta Hausa, da yadda kai ma za ka fara.

Ni mutum ne mai son abu biyu: zane da kimiyya. Ina son adon ƙwarya da ɗinkin hula, ina kuma son sanin yadda abu ke aiki. A Wikipedia na samu wurin haɗa su.

Ɗauki kimiyya tukun. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da Yargalma. Dutsen da ake haƙowa don zinari yana ɗauke da dalma. Ana niƙa shi cikin gida, ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Wanga bayani layi uku ne kacal, amma uwa nawa ta taɓa jin shi da Hausa kafin abin ya faru? Rubuta irinsa aikin ceton rai ne, wallahi.

Sai zane da tarihi. Gummi ce mahaifar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi kyautar Sarki Faisal a 1987. Anka kuwa mazaunin Sarkin Zamfara ce. To gwada bincika sunan ƙauyenku yanzu. Mi ka gani? In labarin 'yan bindiga kaɗai ya fito, to da shi duniya za ta san mu, har sai mun ƙara da hoton kasuwarmu da aikin masaƙanmu.

Ga yadda ake farawa:

1. Shiga ha.wikipedia.org ka buɗe akawun. Kyauta ne. In kana tsoron a gane ka, kada ka sa sunanka na gaskiya.
2. Saka Hausa a Gboard don samun ɓ, ɗ, ƙ.
3. Buɗe maƙala, danna alamar fensir, ka fara da gyara kuskure ɗaya.
4. Kowace magana ka kawo madogararta: littafi ko jarida. "An ce" ba ta shiga, kwafe aikin wani ma haka.
5. Hoton da ka ɗauka da kanka, ɗora shi a Wikimedia Commons. Ka sani, kowa zai iya amfani da shi muddin ya ambaci sunanka. Nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, kuma kada ka nuna abin da zai jefa wani cikin haɗari.

Wani lokaci za a goge gyaranka. Kada ka yi fushi, duba dalilin da aka rubuta, ka gyara ka mayar.

Datar da kake ƙonawa a kallon bidiyo na minti goma ta ishe ka wannan aiki. Yau ka fara da layi ɗaya. Allah Ya ba mu sa'a.