Suna Ɗaya, Gida Biyu: Shari'ar Ideal Standard

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, na'urar ɗumama gida tana cikin kayan da ba a sakaci da su. A gidaje da yawa na Jamus akwai wata tukunyar ƙarfe a ɗakin ƙasa, tana ƙona gas ko mai, ta dafa ruwa, ta tura shi cikin bututu zuwa kowane ɗaki, inda wasu ƙarafa da aka kafa a jikin bango ke sakin zafin. Mai gida yakan sayi wannan tukunya sau ɗaya, ya zauna da ita shekara goma ko fiye. Ba shi da hanyar buɗe cikinta ya auna ingancinta, kuma idan ta lalace tana iya fitar da wata iska mai guba, marar wari marar launi, wadda kan kashe mutane suna barci. A ranar saye, abin da zai dogara da shi bai wuce sunan da aka buga a jikin ƙarfen ba.

Wannan ne ya sa rigimar suna tsakanin kamfanonin da ke sayar da irin wannan kaya take da nauyi. Mafi shahara a cikin irin waɗannan rigingimu ita ce wadda Kotun Turai ta yanke hukunci a kanta ranar 22 ga Yuni, 1994. Abin da ya bambanta ta shi ne babu ɓarawo a cikinta. Kamfanoni biyu ne suke amfani da suna ɗaya, Ideal Standard, kuma kowannensu ya same shi ta hanyar halal.

Yadda sunan ya rabu

Tushen sunan yana Amurka. A 1929 kamfanin American Radiator, mai ƙera kayan ɗumama gida, ya haɗe da Standard Sanitary, mai ƙera kayan banɗaki. Na farkon ya daɗe yana sayar da tukwanensa da sunan Ideal, na biyun kuma an san shi da Standard. A Turai sai aka haɗa kalmomin biyu suka zama suna guda, ana buga shi a kan baho da famfo, ana kuma buga shi a kan tukunyar ɗumama gida. Uwar kamfanin, wadda daga baya aka sani da American Standard, tana da reshe a Jamus da wani a Faransa, kowanne yana riƙe da rajistar sunan a ƙasarsa.

Tsakiyar shekarun 1970 sai kasuwa ta juya. Reshen Faransa ya shiga matsin kuɗi, shi kuwa reshen Jamus ya daina ƙera kayan ɗumama a 1976, ya tsaya kan kayan banɗaki. A 1984 reshen Faransa ya sayar da sashensa na kayan ɗumama, haɗe da ikon amfani da sunan a kan waɗannan kaya, ga wani kamfanin Faransa mai suna Société Générale de Fonderie, wanda ba shi da wata dangantaka da American Standard. Daga nan sunan ya wuce hannun Compagnie Internationale du Chauffage. Wannan kamfani yana da reshe a Jamus da ake kira IHT, kuma IHT ya shiga shigo da kayan ɗumama daga Faransa yana sayarwa a kasuwar Jamus, ɗauke da sunan Ideal Standard.

Reshen American Standard na Jamus ya kai ƙara a Düsseldorf, kotun farko ta ba shi gaskiya a 1992. Da aka ɗaukaka ƙara, kotu ta gaba ta ga cewa maganar ta wuce dokar Jamus, sai ta miƙa tambayar ga Kotun Turai da ke Luksambag.

Hujjar kowane ɓangare

Duk wanda ya saurari IHT zai ji tausayinsa. An sayi sunan da kuɗi, daga hannun ɗan'uwan mai ƙara. Mai ƙarar ma ya bar sana'ar ɗumama gida tun shekara takwas kafin cinikin. Sannan ga Yarjejeniyar Rum ta 1957, wadda sashe na 30 a cikinta ya hana ƙasashen ƙungiyar toshe wa kayan junansu hanya. Kotun Turai ta riga ta kafa ƙa'idar cewa idan mai suna ya saki kayansa a kasuwar ƙasa ɗaya da yardarsa, ba shi da ikon hana a kai su wata ƙasa ta ƙungiyar. IHT ya ce sayar da suna ma ai yarda ce. Wanda ya sayar da doki ba ya hana a hau shi a ƙofar gidansa.

Mai ƙara ya tsaya kan mai saye. Bajamushen da ya ga Ideal Standard a kan tukunya zai ɗauka masu bahon banɗakinsa ne suka ƙera ta, musamman da yake a can sau da yawa shago ɗaya ne ke sa bututun banɗaki da na ɗumama gida. Idan tukunyar ta ba da matsala, sunan kamfanin Jamus ne zai ɓaci, alhali bai san inda aka ƙera ta ba, ba shi kuma da bakin magana a kan ingancinta.

Inuwar wata shari'ar kofi

Kafin wannan ƙara, kotun ta taɓa yin tuntuɓe a kan irin tambayar, a shari'ar kofin HAG. Kamfanin Jamus ne daga Bremen, yana da reshe a Beljiyam. A 1944 hukumomin Beljiyam suka ƙwace reshen a matsayin dukiyar abokan gaba, daga baya aka sayar da shi, sunan ya koma hannun wasu. A 1974 Kotun Turai ta ce tun da sunayen biyu tushensu ɗaya, ɗaya ba zai hana kayan ɗayan shiga ƙasarsa ba. Masana doka sun yi ta sukar wannan hukunci, har a 1990 kotun da kanta ta warware shi, ta ce haɗa kaka ba ya mayar da kamfanoni biyu su zama ɗaya a idon mai saye.

Sai dai a HAG ƙwace aka yi da ƙarfin hukuma. A Ideal Standard ciniki aka yi da son rai. Tambayar 1994 ke nan: shin son ran ya sauya hukunci?

Kotu ta ce bai sauya ba. Dalilinta shi ne aikin alamar kasuwanci shi ne ta tabbatar wa mai saye cewa duk kayan da ke ɗauke da ita sun fito ne ƙarƙashin kulawar hannu guda, wanda za a iya kamawa idan inganci ya gaza. Reshe yana ƙarƙashin uwar kamfani. Wanda aka ba lasisi yana ƙarƙashin sharuɗɗan wanda ya ba shi, kuma ko mai lasisin ya yi sake bai duba kayan ba, laifin nasa ne, domin yana da damar dubawa. Amma wanda ya sayar da suna ɗungurungum ya saki linzami. Daga ranar cinikin ba shi da ikon cewa a ƙara kaurin ƙarfe ko a sauya bututu. Saboda haka yardar da ya yi ta sayarwa ba ta zama yarda da kowace tukunya da sabon mai sunan zai ƙera ba, kuma kotun Jamus tana da ikon hana IHT amfani da sunan a Jamus.

Abin da hukuncin ya ci

Hukuncin bai zo kyauta ba. Shekara ɗaya da rabi kafinsa, ranar 1 ga Janairu, 1993, Turai ta buɗe kasuwarta ta bai ɗaya, ga shi kuma kotunta ta bar iyaka tsaye tsakanin Faransa da Jamus a kan kaya guda. Akwai kuma abin mamaki a cikin sakamakon: rabin sunan, wato Ideal, daga sana'ar ɗumama gida ya samo asali, amma a Jamus masu kayan banɗaki ne suka tsira da shi. Kotun ta san ana iya amfani da irin wannan ciniki a raba kasuwa da gangan, shi ya sa ta bar ƙofa: idan aka gano an sayar da suna ne don a kasa kasuwa tsakanin abokan hamayya, dokar hana haɗa baki a kasuwanci tana nan.

Duk da haka, da wuya a ce ta yi kuskure. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, to ina ga wanda sunansu ma ɗaya? Takardar cinikin 1984 tana cikin durowar lauyoyi, mai saye bai taɓa ganinta ba, kuma ba shi aka yi cinikin da shi ba. Dole asarar ta faɗa kan wani, ko kamfanin da ya sayi suna ba tare da ya tabbatar iyakar inda sunan zai yi masa aiki ba, ko magidancin da zai kwana da iyalinsa a saman tukunyar. Kotu ta ɗora ta a kan wanda yake da lauya a ranar ciniki.

Darasin ya shafi mai karatu ta fuska biyu. Ta farko, rajistar suna tana da iyakar ƙasa. A Najeriya ana yinta ne ƙarƙashin Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965, kuma rajistar kamfani a hukumar CAC ba ita ce rajistar alama ba. Nijar da Chadi da Kamaru kuwa suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a duk ƙasashen ƙungiyar, Najeriya kuma ba ta ciki. Sunan da aka kare a Abuja ba shi da kariya a Maraɗi sai an sake yi masa rajista. Yayin da yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka ke ƙoƙarin sassauta iyakoki, tambayar da Luksambag ta amsa za ta zo gaban alƙalan wannan nahiya.

Ta biyu ta fi kusa da gida. Kamfanoni da yawa suna rabuwa ne a wajen rabon gado ko bayan saɓanin abokan ciniki. Ana ƙirga shaguna, da motoci, da kuɗin banki, a raba, a bar sunan kowa ya ci gaba da amfani da shi don gudun ɓacin rai. Muddin kowa yana garinsa, shiru kake ji. Ranar da kayan ɗaya suka isa kasuwar ɗayan, ko ɗaya ya rage inganci, sai a tarar an bar dukiya mafi tsada ba a rubuta mai ita ba. Masu Ideal Standard sun rubuta nasu a takarda, da lauyoyi da shaidu, amma sai da aka shekara goma, aka bi kotu uku, kafin a san inda sunan Faransa ya tsaya.