Hawan jini ya sauka, amma Baba ya daina magana

Mai karatu, idan kana da majinyaci kwance a gida, yau da kai nake.

Akwai wani magidanci da ke zuwa kantinmu na magani a nan Potiskum duk ƙarshen wata, yana saya wa mahaifinsa maganin hawan jini. Tsohon dillalin shanu ne, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. 'Ya'yansa ba su yi sakaci ba. Sun sayi na'urar awo, sun ware littafi suna rubutawa safe da yamma, sun rage gishiri, sun hana goro, masu dubiya ma ba a barinsu su daɗe. Ranar da ya nuna mini littafin, awon ya daidaita a 130/80. Na ce masha Allah. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ai Baba ya daina cin abinci, kuma ba ya yi wa kowa magana."

Na rasa abin cewa. Mu masu harhaɗa magani da alƙaluma aka koya mana gane lafiya, kuma alƙaluman nan ba su da aibi.

Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsu ce ta gano bakin zaren. Ta fitar da kowa daga ɗakin, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Baba, me ya fi damunka?" Ashe tunda ya kwanta ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Cikin magungunansa akwai ƙwaya mai sa yawan fitsari, kuma da daddare ake ba shi. Kafin asuba ya jiƙa shimfiɗa, ga shi surukarsa ce ke wankewa. Kunya ta sa dattijon ya rage ci da sha. Sannan wata takwas ke nan Laraba na wucewa bai leƙa kasuwar shanu ba, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

A nan ina da nawa laifin. Ni na miƙa ƙwayar, na rubuta "sau ɗaya a rana", ban ce da safe ba, ban kuma tambaya ba.

Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa lafiya ta wuce rashin ciwo, ta haɗa da natsuwar zuciya da zaman mutum cikin jama'a. Mun haddace wannan don jarrabawa, amma a ɗakin jinya muka manta. Kada ka ɗauka cewa nake a bar magani. Ba shi a kan lokaci, juya shi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Sai dai ka daina yin maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, ka tambaye shi wa yake so ya yi masa wanka.

Da izinin likita aka mayar da ƙwayar safiya. Ɗansa ya karɓi wanka da wanki. Ranar Laraba kuma ana ɗaukarsa a Keke Napep, a ajiye shi a inuwa bakin kasuwa.

Har yanzu hannun bai motsa ba, kuma wataƙila ba zai motsa ba. Amma da ɗan ya zo sayen magani a watan jiya, dariya yake: wai Baba ya yi musu da wani dillali a kan farashin bijimi, ya dawo gida ya ce a ƙara masa tuwo.