Haikalin Jagannath: Inda Ake Binne Gumaka a Sassaƙa Sabbi

A gaɓar tekun gabashin Indiya, cikin jihar Odisha, akwai garin Puri, ɗaya daga cikin wurare huɗu da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa wajen ziyara. Nan haikalin Jagannath yake, wanda sarki Anantabarman Chodaganga ya soma ginawa a ƙarni na 12. Hasumiyarsa ta kai kusan mita 65, kuma kullum sai an hau ƙololuwarta an sauya tuta.

A yawancin haikalan Indiya da dutse ko ƙarfe ake yin gumaka, amma na Puri da itacen darbejiya ake sassaƙa su. Su uku ne: Jagannath, da yayansa Balabhadra, da ƙanwarsu Subhadra. Jagannath yana da manyan idanu zagayayyu da hannuwa dungu, ba shi da ƙafafu.

Mabiya suna da labarin dalilin haka. Sun ce teku ce ta kawo wa sarki Indradyumna wani gungume, sai wani tsohon masassaƙi ya yarda zai yi aikin, da sharaɗin a rufe masa ƙofa kwana 21 kada kowa ya leƙa. Da ƙarar gizago ta ɗauke, sarauniya ta kasa haƙuri, aka buɗe ƙofa. Masassaƙi ya ɓace, aiki ya tsaya a haka.

Tunda itace yana lalacewa, bayan shekara 8, 12 ko 19 sai a yi bikin Nabakalebara, wanda aka yi na ƙarshe a 2015. A sassaƙa sabbin gumaka, sannan da tsakar dare, an kashe fitilun gari, masu hidima su ɗaure idanunsu, su naɗe hannu da ƙyalle, su ɗauko wani abu na asiri daga cikin tsofaffin su saka a sabbin. Tsofaffin kuma a binne su a harabar haikalin, a yi zaman makoki kamar an yi rashin ɗan'uwa.

Wanda ba Hindu ba, ba a barinsa ya shiga. Amma lokacin bikin Ratha Yatra, a watan Yuni ko Yuli, kowa na ganin gumakan, ana jan su a manyan kekuna uku zuwa haikalin Gundicha, tafiyar kusan kilomita 3. Kafin a tashi, sarkin Puri da kansa ke share kekunan da tsintsiya mai mariƙin zinare, don nuna cewa a wurin bauta sarki da talaka duk bayi ne. Fiye da shekara 800 ke nan jama'ar Puri suna riƙe da haikalinsu, kuma har yau ba su saki waɗannan al'adu ba.